Abin da ya kamata ku sani game da sa tsofaffi cikin ƙidayar masu nakasa

Wace ƙidaya ake nufi?

Lissafi ne da hukuma ke ajiyewa na mutanen da gaɓa, ido ko kunne ya gaza musu. Ana samun sa ta ƙidayar jama'a, ko binciken da ake bi gida-gida, ko takardar shaidar nakasa. A Najeriya akwai dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, aka kuma kafa hukumar kula da su a 2020. Ƙidayar ƙasa kuwa, rabon da a yi ta tun 2006.

To me ya hana a ƙirga tsofaffi?

Yawanci daga gida ne. In malamin ƙidaya ya ce, "Akwai nakasasshe a gidan nan?" sai maigida ya ce babu, alhali Baba na zaure yanar ido ta hana shi gani, Inna kuma sai an ɗaga murya take ji. Mu a wurinmu wannan tsufa ne kawai. Makaho ko kurma, a tunaninmu, shi ne wanda ya tashi da abin tun yana yaro. Ga kuma kara: wa zai buɗe baki ya kira mahaifinsa nakasasshe a gaban baƙo?

Haka ake tsallake su, ga shi kuwa su abin ya fi shafa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da kashi 46 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna da wata nakasa.

Yaya ake gyara tambayar?

Wani kwamitin masana ƙididdiga da ake kira Rukunin Washinton, wanda aka kafa a 2001, ya tsara tambayoyi shida da ba su ambaci kalmar nakasa ba. Suna tambayar wahalar gani ko da da tabarau, ta ji, ta tafiya ko hawa matakala, ta tuna abu, ta wanka da sa tufafi, da ta fahimtar juna wajen magana. Amsa huɗu ce: babu wahala, kaɗan, sosai, ko ba ya iyawa sam. Wannan kam ɗa zai amsa ba tare da jin ya ci mutuncin iyayensa ba.

Me tsohonku zai samu?

Kada ku ɗauka shiga lissafi kuɗi ne a hannu. Amfaninsa shi ne da waɗannan alƙaluma ake yanke yawan aikin yanar ido, keken guragu da na'urar ƙara ji da za a tanada wa yanki. Dokar 2019 ta kuma ce a fara sallamar mai nakasa a kan layi.

Nawa ake biya?

Amsa tambayar ƙidaya kyauta ce. In tsohon na iya magana, ku bar shi ya amsa da bakinsa. Shi ya san inda ƙafar ke masa ciwo.