Kilo Uku a Matan Fada

Matasan Badariya da ke cika gidajen kallon ƙwallo a Birnin Kebbi sun san zafin wasan da aka tashi ɗaya da nema, sun kuma san gardamar da ake kwana ana yi a majalisa kan alƙalin wasa. To, a jihar nan muna da gasar da ta fi wannan tsauri, a cikin ruwan Matan Fada da ke Argungu.

A watan Maris na 2020, da bikin kamun kifi ya dawo bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi, na biyu 75, na uku 70. Kilo uku kacal suka raba gwarzon shekara da mai bi masa, alhali kyautar da ake magana a kanta ta haɗa da miliyoyin naira da mota da kujerar Makka.

Dokar gasar ba ta da wuyar ganewa. Dubban masunta ne ke jeruwa a gaɓa, kowa da homarsa da goransa, wanda a kansa yake iyo, a cikinsa kuma yake zuba ƙananan kifayen da ya kama. Da an ba da alama sai su ruga cikin kogi, su yi kimanin awa guda. Ba a duba yawan kamu. Kifi guda mafi nauyi shi ne magana, kuma galibi giwan ruwa ce. Ita giwan ruwa 'yan'uwanta kifaye take ci, tana kuma ɗaukar shekaru kafin ta yi irin wannan jiki. Shi ya sa ake hana kamun kifi a wurin har ranar biki, Sarkin Ruwa da mutanensa na sa ido.

A nan ne sikeli ya zama alƙali. Kifin da ya bar ruwa yakan tsane a rana, nauyinsa na raguwa kaɗan-kaɗan, laka kuwa tana iya ƙara wa wani. Idan tazara kilo ashirin ce babu mai damuwa. Idan ta matse, wajibi ne a auna kowane kifi da sikeli ɗaya, cikin hanzari, a gaban idon jama'a. Wanda ke ganin tsegumi ne wannan, ya tuna 2008, shekarar da aka ƙwace kambu daga hannun wanda aka fara bayyanawa, bayan sauran masunta sun yi ƙorafin cewa mataccen kifi ya shigo da shi. Masunta ne suka gano, domin su suka san kamannin kifin da ya fito ruwa yanzu.

Bikin da aka kafa a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka binne tsohuwar gabar Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, bai kamata a bar hukuncinsa ga zato ba.

Akwai kuma batun kogin kansa. Madatsun Goronyo da Bakolori sun sauya yadda ruwa ke sauka kwarin Rima, yashi na cike gurabun da manyan kifaye ke fakewa. Ruwa maras zurfi ba ya raya giwan ruwa mai kilo saba'in. Don haka kiranmu ga gwamnatin jiha da masarautar Argungu shi ne a riƙa yashe Matan Fada a kan lokaci, a kuma gwada sikelin a bainar jama'a kafin masunci na farko ya taɓa ruwa.