Ƙasar Ruma, Tsakanin Gulbi da Daji

Wanda ya fita birnin Katsina ya nufi yamma, kamar tafiyar yini guda ga mai jaki, sai ya iske ƙasa ta fara sākewa. Rairayi ya ragu, duwatsu manya sun taso a tsakiyar gonaki, rafuka sun tsattsaga ƙasa. Wannan ita ce ƙasar Ruma. Tsohon garin Ruma yana arewa da Batsari, kuma har yanzu hakimin Batsari shi ake kira Sarkin Ruma. Daga kudu akwai Safana, inda Yariman Katsina ke hakimci. Daga yamma kuwa sai dajin Rugu, wanda ya miƙa har cikin Zamfara.

Gulabe biyu ke kwashe ruwan ƙasar. Na farko Gada, wanda ya bi ta Jibiya ya shiga ƙasar Nijar, can ake ce masa Gulbin Maraɗi, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya. Na biyu Bunsuru, wanda ya ratsa ta kudu ya nufi ƙasar Zurmi. Dukansu a gulbin Rima suke ƙarewa, watau ruwan da ya sauka bisa duwatsun Ruma shi ne ke wucewa ta gefen Sakkwato. Da damina sukan cika su hana ƙetarewa. Da rani sai yashi, amma wanda ya tona kamu biyu ko uku ya sami ruwan sha. Saboda haka makiyayi ba ya nisa da su, manomi kuma ya sami fadama. Gero da dawa da gyaɗa suna yi ƙwarai, rogon Batsari kuwa sunansa ya kai kasuwanni masu nisa.

To, ruwa da ciyawa da duhuwa su ne arzikin Ruma, su ne kuma asalin wahalarta. Bayan da jama'ar Shehu suka ci Katsina a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, sarakunan Haɓe suka yi arewa har suka zauna Maraɗi. Daga nan ba su daina kawo hari ba, hanyarsu kuwa ta yammacin Katsina take. Ruma ta zama bakin daga. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobir da Maraɗi a Gawakuke. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku, wanda ya yi sarauta daga 1836 zuwa 1844, aka ci garuruwan yamma da suka karkata ga Maraɗi, mutanensu suka watse. Inda dā ake jin daka da kiran salla, sai marke da ƙirya suka rufe kufai. Mai karatu ya lura: babban yanki na wannan daji yaƙi ne ya shuka shi.

A 1853 Bature matafiyi Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya bi ta Kurfi da Zakka za shi Sakkwato. Ya rubuta yadda ayari ke taruwa a Zakka, ba mai shiga dajin shi kaɗai, sai a ratsa shi da gaggawa don tsoron mahara har a kai Zurmi. A irin wannan zama ne Rumawa suka yi suna wajen doki da baka, har sunan Ɗanwaire ya zama ba a ambaton jarumtar Ruma sai da shi. Garin da ke da ganuwa da maza ya tsaya, wanda ba shi da su ya zama kango.

Da Turawa suka shigo Katsina a 1903, aka yanka iyaka tsakanin Ingilishi da Faransi, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, hari ya mutu. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko mutane suka yi ta komawa suna sāre daji suna kafa ƙauyuka, fatake suka riƙa wucewa ba rakiya. Daga baya hukuma ta keɓe sauran dajin, wanda aka rubuta da sunan Ruma da Kukar Jangarai. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka mai da shi makiyaya, aka haƙa tafkuna wajen Runka don shayar da shanu, a 1965 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar makiyaya. Manomi ya san iyakar gonarsa, Bafillace ya san burtalinsa da mashayarsa.

Amma abin da aka gina in ba a kula da shi ba, rushewa yake. Jama'a ta yawaita, gonaki suka ci burtali, tafkuna suka cike da laka, shari'a tsakanin manomi da makiyayi ta yi rauni. Ɓarayin shanu suka sami mafaka, daga sata aka koma kisa da kama mutane don fansa. A watan Fabrairu na 2020 aka auka wa Tsauwa da Ɗankar cikin ƙasar Batsari, aka kashe mutum 30. A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe kasuwannin dabbobi, aka yanke waya a Batsari da Safana da maƙwabtansu na wani lokaci. Ciniki ya tsaya, makarantun allo na ƙauyuka da yawa suka tashi, malamai da almajirai suka yi gudun hijira zuwa Batsari da Katsina. A 2025 aka zauna sulhu da 'yan bindiga a Batsari da Jibiya da Safana.

Sau biyu ke nan cikin shekara 200 dajin nan ya zama abin tsoro, a tsakani kuwa ya ciyar da dubban shanu da mutane. Itatuwan ba su sāke ba, gulaben ma suna nan inda suke. Abin da ke sākewa shi ne tsaro da adalci. Sulhu ba zai daɗe ba sai an mai da burtali, an yashe mashaya, an kuma hukunta mai laifi ko wane ne shi. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya zaunar da ƙasar Ruma lafiya, amin.