Siffar Bafillace a Abubuwan Nishaɗi da Tasirinta a kan Matasan Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan makala ita ce mu duba yadda abubuwan nishaɗi na yau da kullum, wato barkwanci da finafinai da hotunan da ake yaɗawa ta wayar hannu, suke zana wa matasa siffar wata ƙabila a zukatansu. Mun ɗauki ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum a yammacin Jihar Zamfara, inda Zamfarawa da Fulani suka daɗe suna zaune tare, suna kuma maƙwabtaka da Dakarkari. Za mu nuna cewa siffar Bafillace ta bi matakai uku, kuma a kowane mataki ana ƙara rage masa damar mayar da martani.

2.0 Wasan Taubasantaka

Tsokana tsakanin ƙabilu daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Akwai ta tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Zamfarawa da Dakarkari. Irin wannan wasa yana da sharuɗɗa. Na farko, masu yin sa sun san juna, kuma ido da ido suke yi. Na biyu, duk wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take. Na uku, al'ada ta hana fushi a cikinsa.

Haka nan labaran ban dariya da Bahaushe yake bayarwa a kan Bafillace, inda yake nuna shi mutumin daji ne wanda bai san gari ba, suna da kishiyoyinsu a ruga, inda ake yi wa Kaɗo dariya. Yaron da ya ji irin wannan labari a kasuwar Gummi ya san mai kawo nono gidansu, ya kuma san makiyayin da aka ba amanar shanun mahaifinsa. Saboda haka zaman tare yana gyara abin da labari ya karkatar.

3.0 Silima da Bidiyo

Tun kafin a fara finafinan Hausa, finafinan Indiya sun mamaye gidajen silima na Arewa, kamar yadda binciken Brian Larkin da na Abdalla Uba Adamu suka nuna. Da aka fara finafinan bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, sai masu shirya su suka ɗauko waƙa da rawa daga Indiya, suka kuma ɗauko ma'auninsu na kyau, wato farar fata da dogon hanci da dogon gashi. Wannan ma'auni ya dace da siffar da aka saba jingina wa 'yar Fulani, don haka sai ta zama abin kwatance wajen kyau. Ƙaunar hasken fata ta yi ƙarfi a Nijeriya har hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin babbar matsalar lafiya a 2023.

A ɓangaren barkwanci kuwa, wanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fice a kansa har rasuwarsa a 2014, an mayar da baƙon ƙabila abin dariya. Ana fito da Bafillace da sanda da malfa, yana gurɓatacciyar Hausa, yana kiran namiji da lafazin mace, kamar yadda ake yi wa Bagwari da Bayarabe. Abin lura a nan shi ne sharaɗi na biyu ya faɗi. Mai kallo yana dariya, amma wanda ake kwaikwayo ba ya wurin balle ya rama.

4.0 Wayar Hannu

Daga wajen 2011 satar shanu ta tsananta a Zamfara, kuma makiyaya suna cikin waɗanda ta fara talautawa. Rikici ya ɓarke tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga. A watan Janairu na 2022 aka kai hari ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gwamnatin jiha ta ce an kashe mutum 58, mazauna yankin kuwa suka ce sun kai kimanin 200. A cikin wannan hali ne wayar hannu ta zama babbar hanyar nishaɗin matasa. Hotunan 'yan bindiga masu rawani da bindiga, da waƙoƙin da ake yi na yabon su, da hotunan gawarwaki, duk suna yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok tare da gajerun wasannin ban dariya.

A wannan mataki sharuɗɗan nan uku duk sun rushe. Siffofin da ake yabo a jikin jarumar fim, wato hasken fata da dogon hanci, su ne kuma ake dubawa a zargi saurayi a kasuwa ko a tasha. An manta cewa mafi yawan Fulani ba su ɗauki makami ba, kuma akwai waɗanda ba Fulani ba a cikin masu kai wa 'yan bindiga rahoto da kayan masarufi.

5.0 Kammalawa

Tasirin wannan al'amari a kan matasa iri biyu ne. Yaron gari da ya tashi bayan an daina zuwa ruga ba shi da Bafillacen da ya sani sai na waya. Yaron ruga kuwa siffa biyu kawai yake gani ta kansa, ko wawa abin dariya, ko mai bindiga abin tsoro, kuma ba abin mamaki ba ne idan wanda aka raina ya zaɓi a ji tsoronsa.

Muna ba da shawara ga masu shirya finafinai, da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, da gidajen rediyo na Gusau da Sakkwato, su ba Fulani damar rubuta labarinsu da fitowa a matsayin malami da alƙali da ɗan kasuwa. Haka kuma ya kamata sassan nazarin Hausa da Fulfulde su tattara labaran barkwanci na ɓangarorin biyu daga bakin dattawan wannan yanki, tun da sauran waɗanda suka yi zamanin da ake tsokana a rama a kuma ci tuwo tare.