Zaren audugar da ido ba ya gani

A Nima, yaro na jin ciwo, auduga muke fara nema. A ɗakin aikin zuciya kuwa, irin na asibitin Korle Bu, hattara ake yi da ita. Likita kan zura siririyar waya ta jijiyar jini har zuwa zuciya, yana goge ta duk lokacin da ya zaro. In ƙyallen gogewar mai zubar da zare ne, burbushin ya manne wa wayar, ya koma cikin jini, ya iya haddasa gudan jini ko kumburi. Shi ya sa ake neman ƙyalle marar zare, a jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti. Ko a makaranta, na daina ɗora wa ɗalibaina auduga a buɗaɗɗen rauni. Mannewa take yi, cirewa kuma sai da kuka.