Wa Ke Duba Likitan Unguwa? Yadda Ake Yi a Ingila

Yau Ingila za mu leƙa, mu ga yadda suke binciken ƙananan asibitocin unguwa, da kuma inda tsarin nasu ya yi rauni.

A can, in ba ka da lafiya, ba babban asibiti kake fara zuwa ba sai in gaggawa ce. Kusan kowa yana da rajista da wani ƙaramin asibiti a unguwarsu, wurin likitan da suke kira GP. Shi zai duba ka ya rubuta magani, in abin ya fi ƙarfinsa ya tura ka gaba. Ke nan in aikinsa ya gurɓace, mara lafiya ya shiga uku tun daga matakin farko.

Kuma sun ga illar barin likita ba mai sa masa ido. Harold Shipman likitan unguwa ne a garin Hyde, kusa da Manchester. A shekarar 2000 kotu ta same shi da laifin kashe marasa lafiyarsa 15, daga baya binciken gwamnati ya gano waɗanda ya kashe sun haura 200. Shekara da shekaru yana yi, jama'a kuma suna ganin girmansa.

Yanzu hukumar da ke wannan sa-ido ita ce CQC. Ta fara aiki a 2009, daga Afrilun 2013 kuma ya zama dole asibitocin unguwa su yi rajista da ita. In masu bincike suka zo, tambaya biyar suke riƙe da ita: Wurin nan ba ya cutar da mutane? Maganin da ake yi yana aiki? Ana mutunta mara lafiya? Ana samun ganin likita lokacin da ake bukata? Shugabancin wurin yana tafiya daidai?

Kada ku ɗauka hira kawai suke yi su tafi. Suna buɗe firijin allurar rigakafi su ga ko sanyinsa na tsakanin digiri 2 zuwa 8. Suna duba ko magungunan gaggawa sun wuce wa'adi, ko an binciki tarihin ma'aikata kafin a ɗauke su, da yadda aka yi da ƙorafin mutane. Suna kuma jin ta bakin marasa lafiya.

Daga nan sai a ba asibitin ɗaya daga cikin maki huɗu: ya yi fice, yana da kyau, yana bukatar gyara, ko kuma bai kai ba. Wanda bai kai ba ana sa shi ƙarƙashin kulawa ta musamman, a dawo a sake dubawa cikin wata shida. In bai gyara ba, ana iya soke rajistarsa.

To ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Tun 2015 doka ta tilasta wa asibiti ya manna makinsa inda kowa zai gani, a jikin bango da kuma shafinsa na intanet. Cikakken rahoton ma kowa na iya karantawa kyauta. Wato sakamakon ba sirri ba ne tsakanin jami'i da mai asibiti. Uwa mai goyo za ta iya dubawa kafin ta kai ɗanta, in bai yi mata ba ta sauya wuri.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. A 2024 gwamnati ta sa Dakta Penny Dash ta binciki ita kanta CQC. Rahotonta ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su maki ba, wasu kuma an yi shekaru ba a koma ba. Kun ga ke nan, takardar bango na iya cewa "yana da kyau" alhali likitocin da aka yaba sun daɗe da barin wurin. Don haka in kana can karatu ko aiki, kar ka tsaya a makin, duba ranar da aka bayar da shi.

Mu ma nan ba a rasa masu dubawa ba. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta tanadi takardar shaidar inganci ga cibiyoyin lafiya, Kano kuma tana da hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu. Abin da nake so mu riƙa tambaya a asibitin unguwarmu shi ne: yaushe aka duba ku, me aka gani, kuma ina aka rubuta shi? Binciken da ya tsaya a aljihun jami'i ba ya kare mara lafiya.

Ku faɗa mana, kun taɓa ganin sakamakon bincike a manne a asibitin da kuke zuwa? Sai mun haɗu a shiri na gaba.