Zama da Ciwon da Ba Ya Warkewa: Karɓa Ba Sallamawa Ba Ce

Duk wanda ya san Hadejia da garuruwan bakin kogi, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, ya san gidan da ciwon ƙoda ya shiga. An daɗe ana kokawa da yawansa a wannan yanki har zuwa Nguru da Gashuwa a Jihar Yobe. Ga hawan jini, ga ciwon suga, ga sikila. Irin waɗannan ba a shan maganin mako guda su wuce, zama ake yi da su. Muna kula da kuɗin magani da na wankin ƙoda, amma ba mu cika duba nauyin da ke zuciyar majinyaci ba.

Na ga wannan nauyi a jikin gwaggona, mai sana'ar turara shinkafa. Da aka ce tana da suga, sai ta cusa na'urar awo a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa, domin kowane sakamako tayar mata da hankali yake yi. Ta daina zuwa biki da suna, kada a ce ta rame. Gudun tunanin ciwon ya sa ta guji kula da ciwon, jiki ya ƙara lalacewa.

Irin wannan tarko ne hanyar jinyar da ake kira ACT take ƙoƙarin kwancewa. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Steven Hayes, shi ya fara tsara ta a shekarun 1980, kuma shi da abokan aikinsa suka fitar da littafi a kanta a 1999. Ba ta alƙawarin kore tsoro ko raɗaɗi. Tana koya wa mutum ya daina ƙarar da ƙarfinsa wajen kokawa da abin da ba zai kau ba, ya juya ƙarfin ga abin da ke hannunsa. Manomin fadama ya san wannan: ba ya hana kogi cika, amma yana lura da janyewar ruwa, ya shuka a kan lokaci.

A aikace abu uku ne. Na farko, majinyaci ya koyi kallon tunaninsa a matsayin tunani kawai. Maimakon "tawa ta ƙare", ya ce "ga tunanin nan ya dawo, wai tawa ta ƙare". Na biyu, idan fargaba ta taso, ya ja numfashi a hankali, ya ji ƙafarsa a ƙasa, ya saurari abin da ke kewaye da shi har ya natsu. Na uku, ya gano abin da ya fi daraja a wurinsa, ya yi masa ƙaramin aiki yau.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi wa gwaggo tambayar da ta dace: "Baba, ko ciwon yana nan, me kike so ki ci gaba da yi?" Ta ce, "'Yar nan, so nake in aurar da autata da hannuna." Daga nan awon suga ya zama hidimar wannan buri. Tsoron bai tafi ba, amma na'urar ta fito daga akwati.

Bincike ya goyi bayan haka. A 2007, Jennifer Gregg da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa masu suga da aka koya wa wannan hanya a zaman yini ɗaya sun fi kula da kansu bayan wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta gina wani shiri a kanta, wanda ba sai likitan ƙwaƙwalwa ne zai jagoranta ba. An gwada shi a Yuganda tsakanin matan Sudan ta Kudu 'yan gudun hijira, ya rage musu damuwa. Wannan ya dace da mu, inda ƙwararrun fannin suka yi ƙaranci.

Hanyar ba ta maye gurbin magani, awo ko wankin ƙoda, kuma ba ta saɓa wa tawakkali. Haƙuri ne mai tafiya da aiki. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da ta horar da ma'aikatan jinya a Babban Asibitin Hadejia da ƙananan asibitocin karkara kan wannan dabara. Kai kuma mai karatu, in ka je dubiya, kada ka tsaya a "Allah ya sawwaƙe". Zauna, ka tambayi ɗan'uwanka abin da yake so ya ci gaba da yi, ka taimaka masa ya fara.