Gabi: Wa talaka zai tuhuma bayan rushe majalisun ƙananan hukumomi?

Ga manomin da ke ƙaramar hukumar Gabi a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, gwamnatin da ya fi sani ita ce ofishin magajin gari. Can ake yi wa ɗansa takardar haihuwa, can harajin kasuwa ke shiga, can kuma ake kai kuka idan famfon ƙauye ya lalace ko rufin aji ya yaye. Yamai kuwa ta yi masa nisa.

Nijar ta fara ganin zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a faɗin ƙasar ne bayan zaɓen 24 ga Yulin 2004, zamanin Shugaba Tandja Mamadou. Tsarin ya tanadi jama'a su zaɓi kansiloli, su kuma kansilolin su fidda magajin gari daga cikinsu. Majalisar ce ke amincewa da kasafin kuɗi, tana kuma da ikon tsige magajin gari. Sarakunan gargajiya na zama a ciki don ba da shawara, amma ba sa kaɗa ƙuri'a.

An sake zaɓe a watan Janairun 2011. Wa'adin shekara biyar ne, amma aka yi ta ɗage zaɓe na gaba har zuwa 13 ga Disamban 2020. Wannan jinkiri ya nuna cewa ko a ƙarƙashin mulkin farar hula, ƙuri'ar mutumin karkara ba ta cika damun manya ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya rushe majalisun a watan Afrilun 2024, aka maye gurbinsu da kantomomi waɗanda gwamnati ke naɗawa. A watan Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa, aka tsayar da wa'adin mulkin riƙo na shekara biyar.

Masu goyon bayan matakin na ganin siyasar jam'iyya ta raba kan ƙauyuka, kuma wasu majalisun sun zama wurin rabon kwangila. Suna kuma kafa hujja da tsaro. Gabi na dab da iyakar Najeriya, kusa da dajin Babban Rafi, kuma yankin ya daɗe yana fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane.

Sai dai tsaro tun asali aikin gwamnatin tsakiya ne. Abin da ya sauya shi ne wanda ake yi wa bayani. Kansila ɗan gari ne, ana haɗuwa da shi a masallaci da wurin suna, kuma ya san zai dawo neman ƙuri'a. Kantoma kuwa, komai ƙwazonsa, wanda ya naɗa shi ne zai iya cire shi, don haka can idonsa yake.

Wannan ya shafi har 'yan Gabi da ke ci-rani a Maraɗi, Katsina, Kano ko Libiya, waɗanda kuɗin da suke aikowa ke biyan harajin gida. Haƙƙinsu ne su san nawa aka tara a kasuwa da abin da aka yi da shi. Tun da babu kansilan da za a tare, tambayar ta koma hannun masu gari, ƙungiyoyin matasa da na mata, da gidajen rediyo, har ranar da za a sake buɗe rumfunan zaɓe.